Yadda Za Ka Auna Aikin Masanin Sinadarai Kafin Ka Ba Shi Shekarunka na Digirgir

Wani ɗalibina da ya kammala digiri na biyu ya shigo ofis da waya a hannu, ya buɗe mini shafin Google Scholar na wani farfesa a Turai. An ambaci ayyukan mutumin sau dubbai. Ya ce, "Malam, ai wannan ba sai an tsaya bincike ba, shi zan rubuta wa." Na ce masa ya jawo kujera ya zauna. Abin da muka yi a ranar, da abin da na ga ya kamata mu ƙara, shi ne na tsara a nan domin wanda yake neman malamin da zai duba masa aikin digirin digirgir, da kuma wanda aka ɗora wa nauyin duba takardun abokin aiki don ƙarin girma.

Fagen da nake magana a kai kashi biyu ne da suka saje da juna. Akwai kemistirin lissafi, inda ake amfani da ƙa'idojin kwantam da kwamfuta a hasashen yadda atam da ilektiron za su kasance ba tare da an taɓa kwalba ba. Akwai kuma kemistirin kayan ƙere-ƙere, wato masu haɗa sinadaran da ake yin batir, farantin sola, matatar iska da makamantansu. A waɗannan fagage biyu lambobi sun fi yaudarar mutum fiye da a sauran rassan kemistiri, kuma zan nuna dalilin.

Fara da tabbatar da cewa mutum ɗaya kake dubawa

Wannan matakin kamar wasa ne, amma a nan ake yawan tuntuɓe. Shafin Google Scholar mai shi ne yake kula da shi, kuma idan ya bar shi yana cika kansa da kansa, maƙalun masu suna irin nasa za su riƙa shigowa. Mai suna Wang ko Kim ko Muhammad Abdullahi yana iya wayar gari da aikin likitan haƙori a cikin jerinsa. Nemi lambarsa ta ORCID, mai alƙaluma 16, wadda aka fara bayarwa a 2012 don maganin wannan ruɗani. Ka haɗa ta da shafinsa na jami'a da kuma shafinsa na Scopus, rumbun da ke ƙirga maƙalu da ambatonsu. Ko jami'arku ba ta biyan kuɗin Scopus, ana iya ganin taƙaitaccen bayanin marubuci kyauta. OpenAlex, wani rumbun irinsa, ana iya duba shi kyauta.

Kada ka yi mamaki idan lambobin suka saɓa. Google Scholar yana ƙirga duk abin da ya samu, har da kundin digiri da daftarin da ba a tantance ba, shi ya sa lambarsa ta fi girma. Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na Clarivate suna ƙirga mujallun da suka zaɓa ne kawai. Idan za ka kwatanta mutum biyu, ka ɗauko lambobinsu daga rumbu guda, a rana guda.

Rarraba maƙalun gida-gida

Ɗauki takarda ko ka buɗe Excel. Ka jero maƙalu ashirin da aka fi ambata, da kuma duk na shekaru biyar na baya-bayan nan. A gaban kowace ka rubuta irinta: sabuwar hanyar lissafi ce ko manhaja? Amfani da tsohuwar hanya ne a kan sabon sinadari? Sharhi ne da ya tattaro ayyukan wasu? Ko kuwa aikin wata ƙungiya ce ta masu gwaji, shi dai ya yi musu lissafin sashe ɗaya?

Sannan ka duba inda sunansa ya faɗo. A al'adar kemistiri, na farko shi ne wanda ya sha wahalar aikin, galibi ɗalibi ko mai neman ƙwarewa bayan digirgir. Na ƙarshe, ko wanda aka sa wa tauraro a gefen sunansa, shi ne mai gidan, wanda tunanin ya fito daga ɗakin bincikensa kuma shi ake tuntuɓa. Na tsakiya sun taimaka, wani da yawa, wani da kaɗan. Masu lissafi suna yawan zama a tsakiya, domin mujallu da dama suna son ganin ɗan lissafin DFT, hanyar lissafin kwantam da zan bayyana a gaba, a gefen sakamakon gwaji. Wannan ba laifi ba ne. Amma idan kusan duk manyan maƙalun mutum a tsakiya yake, to lambar da kake gani ta wasu ce ya raɓa. Mujallu da yawa yanzu suna sa bayanin rawar da kowane marubuci ya taka a ƙarshen maƙala. Ka gangara ka karanta.

Maƙalun sharhi ka ware su gefe. Mujalla irin Chemical Reviews tana tara ambato sosai, domin kowa yana buƙatar abin da zai jingina gabatarwarsa da shi. Sharhi mai kyau hidima ce ga fagen, amma ba ya nuna cewa mutum ya gano wani abu.

Ka lissafa ma'aunin h da hannunka sau ɗaya

Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, shi ya kawo wannan ma'auni a 2005. Jera maƙalu daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa, ka riƙa ƙirgawa har inda lambar jeri za ta wuce yawan ambaton. Mai h 20 yana da maƙalu 20 da kowace aka ambata aƙalla sau 20.

Ga misali na ƙirƙira. Malami na farko yana da maƙalu shida, an ambace su sau 900, 40, 12, 6, 5 da 3. Na biyu ma shida, sau 7, 6, 6, 5, 5 da 2. Dukansu h ɗinsu 5 ne. Na farkon yana da aiki guda da ya motsa fage, na biyun bai da shi, ma'aunin kuma bai ga bambancin ba. Ƙari a kan haka, h ba ya raguwa, kuma yana ƙaruwa da shekaru ko da mutum ya daina aiki. Hirsch da kansa ya ba da gyara: a raba h da yawan shekarun da mutum ya yi tun maƙalarsa ta farko. A ƙiyasinsa, wanda ya samu kusan 1 yana kan hanya mai kyau, wanda ya samu 2 fitacce ne. Da masana fiziks ya yi wannan ƙiyasi, don haka ka ɗauke shi a matsayin manuniya kawai. A Google Scholar akwai layi na biyu da ke nuna lambobin shekaru biyar na ƙarshe. Ga mai neman malami wannan layin ya fi amfani, domin da mutumin yau za ka yi aiki.

Dalilin da ya sa lambobin wannan fage suke kumbura

A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihin kimiyya. Goma sha biyu daga ciki sun shafi DFT, wato hanyar da ake lissafa halin sinadari daga yadda ilektiron suka taru a sarari, maimakon bin kowane ilektiron ɗaya bayan ɗaya. Biyu suna cikin goman farko: ta Lee, Yang da Parr ta 1988, da ta Axel Becke ta 1993. Waɗannan biyun ne tushen B3LYP, wani nau'in DFT da ake yawan amfani da shi, kuma duk wanda ya danna B3LYP a manhajar Gaussian dole ya ambace su, ko ya karanta su ko bai karanta ba. Haka ma maƙalar Perdew, Burke da Ernzerhof ta 1996, tushen nau'in DFT da ake kira PBE, da maƙalun Georg Kresse na Viyana a kan manhajar VASP, da ta Stefan Grimme ta 2010 a kan gyaran D3, wanda ke ƙara wa DFT lissafin raunanan ƙarfin jan juna tsakanin atam. Kayan aiki ne. Kowane kafinta yana riƙe da guduma, sai sunan maƙerin guduma ya cika gari.

Abin da wannan yake nufi gare ka shi ne, mai ƙera hanya ko manhaja da mai nazarin wani ƙunci na ƙa'ida ba a auna su da mudu ɗaya. Kuma ko a cikin kayan ƙere-ƙere, mai aiki a kan batirin litiyam ko sinadarin perovskite na sola yana cikin kasuwa mai cike da jama'a, inda maƙala matsakaiciya za ta tara ambaton da maƙala mai zurfi a wani lungu ba za ta taɓa gani ba. Kwatanta mutum da sa'o'insa: waɗanda suke aiki a kan irin matsalarsa, kuma suka fara kusan lokaci ɗaya da shi.

Ma'aunin tasirin mujalla kuwa, ga yadda ake samunsa: ambaton da aka yi a bana ga abin da mujalla ta buga a shekaru biyun da suka wuce, a raba da yawan maƙalun waɗannan shekaru. Matsakaici ne, kuma maƙala ɗaya tana iya ɗaga shi sama. A 2008 George Sheldrick ya buga taƙaitaccen tarihin manhajarsa SHELX a mujallar Acta Crystallographica sashe na A, masu nazarin lu'ulu'u, wato daskararrun sinadarai masu atam a jere bisa tsari, suka riƙa ambatonta, sai ma'aunin mujallar ya tashi daga kusan 2 zuwa kusan 50. Sauran maƙalun da ke cikinta ba su ƙara kyau ko da ƙwayar zarra ba. Irin wannan ne ya sa sanarwar DORA ta San Francisco, wadda aka tsara a ƙarshen 2012, ta nemi a daina auna mutum da ma'aunin mujallar da ya buga a ciki. Kwamitocin ƙarin girma da yawa har yau ba su ji ba, namu na gida ma haka.

Bi sawun masu ambaton

Zaɓi maƙalu uku da shi ne mai gidansu. A kowace ka danna jerin waɗanda suka ambace ta. Cire nasa da na ɗalibansa. Scopus da Web of Science suna da maɓallin cire ambaton kai, Google Scholar ba shi da shi, sai ka yi da ido. Ambaton kai ba haram ba ne, wanda ya shekara goma a kan matsala ɗaya dole ya koma ga aikinsa na baya. Abin dubawa shi ne me ya rage bayan an cire.

Sai ka lura da sunayen da suke maimaituwa. Akwai abin da nake kira adashen ambato: ƙungiyoyi uku ko huɗu, wannan ya zuba wa wancan, wancan ya zuba wa na gaba, kowa ya kwashi nasa. Alamarsa ita ce jimla guda a gabatarwa da aka rataya mata maƙalu goma sha biyar na mutum ɗaya, waɗanda ba su da alaƙa da abin da jimlar ta faɗa. Buɗe maƙalu biyar daga cikin masu ambaton, ka nemo wurin da aka ambace shi. Idan an ce "mun bi hanyar wane", ko "sakamakonmu ya saɓa da na wane, ga dalili", wannan tasiri ne na gaske, har da mai saɓawar. Idan kuwa kullum a cikin tarin lambobi yake a sakin layi na farko, gaisuwa ce kawai aka yi masa a hanya.

Yanzu karanta aikin kansa

Nan ne za ka ɓata mafi yawan lokacinka, kuma nan ne yawancin mutane suke tsallakewa. Ba sai ka fahimci kowane lissafi ba. Je sashen hanyoyin aiki da kuma ƙarin bayanan da ake liƙawa a bayan maƙala, ka yi waɗannan tambayoyi.

Shin ya faɗi abin da ya yi amfani da shi filla-filla, yadda wani zai iya maimaitawa? Wace manhaja, wane nau'in DFT, ina ya tsayar da iyakar makamashi, maki nawa ya ɗauka a lissafin lu'ulu'u, kuma ya gwada ya ga sakamakon ya daina canzawa idan an ƙara su? Mai gaskiya yakan sa tsarin atam ɗin da ya lissafa a fili, wani ma ya sa fayilolin gaba ɗaya a shafukan ajiyar fayiloli irin su Zenodo ko GitHub.

Shin hanyar ta dace da tambayar? Ga gwaji mai sauƙi. An daɗe da sanin cewa PBE tana rage giɓin makamashin da ke raba ilektiron masu zaman wuri ɗaya da masu ɗaukar lantarki. Silikon, wanda aka auna giɓinsa kusan 1.1 eV (ma'aunin makamashin ilektiron), PBE tana ba shi kusan 0.6. Don haka idan ka ga maƙala ta yi shelar sabon sinadarin sola bisa giɓin PBE kaɗai, ba ta gwada da hanyoyin da suka fi ta daidaito irin su HSE06 ko GW ba, ba ta kuma ko ambaci matsalar ba, ka san irin hannun da kake dubawa. Haka idan sinadarin mai hawa-hawa ne kamar girafait, inda ƙarfin da ke riƙe shimfiɗa da shimfiɗa mai rauni ne, a ga ko ya sa gyara irin na Grimme. Idan kuma ya yi hasashen sabon lu'ulu'u, a ga ko ya duba cewa tsarin zai tsaya da ƙafarsa ba zai wargaje zuwa wasu sinadarai ba.

Ga masu haɗa abu a ɗakin gwaji tambayoyin sun ɗan bambanta. Batir nawa aka gwada, sau nawa aka caja aka sauke, kuma sinadarin da aka shafa a kan farantin yana da kaurin da ya yi kusa da na batirin kasuwa ko ɗan shafe ne da zai ba da lamba mai kyau? Farantin sola awa nawa ya yi a ƙarƙashin haske kafin ya fara lalacewa?

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda na fi ba muhimmanci. Jera taken maƙalunsa na shekaru biyar ka karanta a jere. Shin akwai tambaya guda da yake bi yana ƙara zurfi, ko kuwa girki ɗaya ne ake canza masa nama? Akwai salon da ya yi yawa: a ɗauki sinadari, a sauya atam ɗaya, a sake gudanar da lissafin jiya, a sake buga maƙala da jadawali iri ɗaya. Mutum zai iya fitar da talatin a shekara ta haka. Ɗalibin da ya shiga irin wannan ɗaki zai fito da maƙalu, amma danna maɓalli kawai ya koya.

Ina aikin ya je bayan mujalla?

Wani tasirin ba ya fitowa da wuri. Pierre Hohenberg da Walter Kohn sun buga tushen DFT a 1964, Kohn da Lu Jeu Sham suka biyo da hanyar aiwatarwa a 1965, amma masana kemistiri ba su rungume ta da gaske ba sai a farkon shekarun 1990. Kohn ya karɓi kyautar Nobel tare da John Pople a 1998. John Goodenough da abokan aikinsa a Oxford sun buga aikinsu a kan sinadarin litiyam da kobalt a 1980, a mujallar Materials Research Bulletin, wadda ba ta cikin masu ƙyalli. Sony ta fitar da batirin kasuwa a 1991, Nobel ta zo wa Goodenough a 2019 yana da shekara 97. Richard Robson ya fara gina tsarin ƙarfe da sinadaran kabon masu ramuka a 1989 a Melbourne, Omar Yaghi ya fito da irin wannan tsari mai suna MOF-5 a 1999, kyautar ta same su tare da Susumu Kitagawa a 2025. Wanda ya auna ɗaya daga cikin waɗannan da ambaton shekaru biyu na farko da ya yi kuskure.

To me za ka iya dubawa yau? Ko wani ɗakin gwaji da ba nasa ba ya haɗa abin da ya yi hasashe. Ko hanyarsa ta shiga cikin manhajar da wasu suke amfani da ita, irin su Quantum ESPRESSO ko ORCA. Ko bayanansa suna cikin rumbu kamar Materials Project, wanda Kristin Persson da Gerbrand Ceder suka kafa a 2011. Ko yana da takardar mallakar ƙirƙira da wani kamfani ya karɓa ya yi aiki da ita. Google Patents zai nuna maka takardar, amma samun takarda daban, amfani da ita daban. Kuma yawan hasashe ba ya nufin ganowa. A 2023 Google DeepMind ta sanar da tsarin lu'ulu'u miliyan 2.2 da ƙirƙirarriyar basira ta hasaso. A 2024 Anthony Cheetham da Ram Seshadri na Santa Barbara suka duba wani yanki na jerin, suka ce da ƙyar suka ga abin da ya haɗa sabunta, yiwuwa da amfani.

Duba ko akwai tabo

Minti goma ya isa. Sa sunansa a rumbun Retraction Watch, mai tara maƙalun da aka janye, sannan a PubPeer, inda masana ke nuna kurakuran maƙalun da aka buga. Janye maƙala ɗaya saboda kuskuren da marubucin ya gano da kansa ba abin kunya ba ne, ni ma yakan ƙara masa daraja a idona. Abin gudu shi ne maimaici: hoto ɗaya a maƙalu daban-daban, ko jadawalin da aka ce na sinadarai biyu ne amma har ƙananan karkacewarsu iri ɗaya. Ka kuma tabbatar mujallun da yake bugawa suna cikin Scopus ko Web of Science har yanzu, domin ana cire wasu idan aka kama su da karɓar kuɗi ba tantancewa.

Ɗalibansa

Koma ga jerinka na farko, ka fitar da sunayen da suka zo na farko a maƙalunsa shekaru biyar zuwa goma da suka wuce. Ina suke yanzu? Shekara nawa suka yi kafin su gama? Bayan sun bar shi sun ci gaba da buga aiki nasu na kansu? Rubuta wa biyu daga cikinsu, musamman wanda ya riga ya tafi, domin shi ne bakinsa ya saku. Tambaye shi sau nawa suke ganin malamin, wa yake karanta daftari, kuma awannin babbar kwamfuta suna isa ko rabo ake yi. A kemistirin lissafi wannan tambaya ta ƙarshe daidai take da tambayar ko akwai ruwa a gidan da za ka kama haya.

A nan kuma sai a yi wa namu adalci. Malamin da yake lissafi a Zariya ko Kano ko Yamai da kwamfutar tebur, wuta tana zuwa tana tafiya, ba zai yi tsarin atam ɗari biyar da HSE06 ba, kuma bai kamata a ɗora shi a sikeli ɗaya da mai cibiyar kwamfuta ta ƙasa a bayansa ba. Abin da za ka duba a wurinsa shi ne ko ya zaɓi tambayar da kayansa za su iya amsawa da gaskiya, da ko ya nemi hanya: lokaci a cibiyar CHPC ta Afirka ta Kudu, ko haɗin gwiwa ta makarantar ASESMA mai koyar da irin wannan lissafi a Afirka, wadda cibiyar fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya take tallafawa.

Idan ka gama duk wannan kuma mutumin ya tsaya, sai ka rubuta masa. Sakin layi uku sun isa. Ambaci maƙala guda da ka karanta, ka faɗi abin da ka fahimta a cikinta, ka yi tambaya ɗaya ta gaske a kan hanyar da ya bi, misali me ya sa ya zaɓi PBE da gyaran U maimakon HSE06 a wancan sinadarin. Ka faɗi manhajar da ka taɓa amfani da ita da abin da ka lissafa da ita, ko da ƙaramin abu ne, sannan ka bayyana ko kana da tallafin karatu na hukumomin Najeriya irin su TETFund ko PTDF a hannu ko kuwa gurbi mai albashi kake nema.